Me ya kai Kiristocin Italiya ga zubin allolin Girka da tagulla?

"Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina da ke karatu a Italiya ya turo mini hoton wani mutum-mutumi na tagulla a birnin Fulorans. Saurayi ne tsirara, takobi a hannun dama, ya ɗaga kan wata mace da hagu, gashin kan duk macizai, ga shi kuma ya take gawarta. Ya ce abin ya kusa shekara ɗari biyar. Tambayata biyu ce. Mutanen nan ba Kiristoci ba ne? Me ya haɗa su da gumakan Girkawa, ko bauta musu suke yi a ɓoye? Sannan mu a gidanmu zubin tukwanen alminiyum muke yi, na san gumin da ake sha kafin a fitar da babbar tukunyar biki guda ɗaya. Ta yaya aka zuba abu kamar wannan, ba lantarki ba gas?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayar mai zubi daban take da ta ɗan kallo, don haka zan saki jiki in yi maka bayani irin na 'yan gida.

Abin da abokinka ya ɗauko shi ne Fersiyus riƙe da kan Medusa, aikin Benvenuto Cellini, ɗan Fulorans da aka haifa a 1500, ya mutu a 1571. Yana tsaye a ƙarƙashin wata rumfar dutse mai suna Loggia dei Lanzi, a dandalin ƙofar fada, tun watan Afrilun 1554 da aka yaye masa mayafi. Tagullar kaɗai ta haura mita 3, in ka haɗa da dakalin da aka ɗora ta ta wuce mita 5. Sunan maƙerin kada ya ba ka wahala. A nan Italiyawa suna furta harafin c yadda muke furta shi a "ci" da "ce", saboda haka yadda Bahaushe zai karanta Cellini ko Medici, daidai ya karanta.

Ka raba tambayarka biyu, ta addini da ta sana'a, ni kuwa a ganina igiya ɗaya ta ɗaure su. Wanda ya biya kuɗin aikin ba ibada yake nema ba, magana yake son yi wa mutanen garinsa, kuma ƙarfen da ya zaɓa da wahalar zubinsa suna cikin maganar.

Labarin da ke bayan hoton

A tatsuniyar Girkawa, Fersiyus ɗan Zeyus ne, babban allansu, wanda Rumawa ke kira Jufita. Uwarsa Danaye mutum ce, 'yar sarki. Wani sarkin tsibiri ya ƙyalla ido a kanta, ya ga ɗan ya tsaya masa a wuya, sai ya yi masa aiken da ba a dawowa, ya ce ya kawo masa kan Medusa. Ita Medusa duk wanda ya haɗa ido da ita sai ya sandare ya koma dutse. Aka ara wa yaron takalma masu fukafukai, da hula mai aikin layar zana, da takobi, da garkuwa mai sheƙi kamar madubi. Ya tarar da ita tana barci, ya kalli inuwarta a jikin garkuwar, ya sare kan, ya jefa a jaka. A hanyar komawa ya iske wata 'yar sarki, Andromeda, an ɗaure ta a dutse bakin teku an ba dodon ruwa, ya kashe dodon, ya aure ta.

Na san Bayajidda da rijiyar Kusugu sun faɗo maka a rai: baƙo, da maciji, da sare kai, da auren sarauniya. Ba cewa nake yi ɗaya daga ɗaya ya fito ba. Ka dai lura da yadda gidajen sarauta ke son labarin wanda ya kashe dodo ya kawo wa gari sauƙi, za mu dawo kansa. Mutanen Italiya yawanci daga waƙar Ovid suka san irin waɗannan labarai, wani mawaƙin Rum na zamanin sarki Agustus, kuma duk yaron da ya yi karatun Latin ya bi ta kansu.

Bauta ce?

A'a, ba bauta ba ce, a fili ko a ɓoye. A shekarun 391 da 392 sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta yi wa gumaka yanka da shiga ɗakunan bautarsu. To lissafa, fiye da shekara dubu ke nan kafin a haifi Cellini. Fersiyus ɗin nan ba shi da ɗaki, ba shi da mai hidima, ba a kai masa ɗan akuya ko turare. Shi kansa Cellini, duk da fitinarsa, ya sassaƙa siffar Almasihu a kan gicciye da farin dutse da niyyar a kafa masa a kabari. Yau tana Escorial a ƙasar Sifen.

Abin da ya faru shi ne, daga ƙarni na 14 zuwa na 16 malamai da attajiran biranen Italiya suka kamu da son duk abin da tsofaffin Rumawa da Girkawa suka bari, littattafai, gine-gine, tsabar kuɗi, har gutsuren dutse. Shi ne zamanin da ake kira na Farfaɗowa. A ganinsu gadon kakanninsu ne, tunda a kan kufan Rum suke zaune, mai haƙa rami yakan tono hannu ko kan mutum-mutumi a gonar inabi. Allolin kuwa fassara suka yi musu. Wasu suka ce sarakuna ne da jarumai na da can, baki ya yi ta ƙara musu gishiri har suka zama alloli. Wasu suka mai da su misalai, Harkulis ƙarfi da juriya, Minerba hikima, Markuri iya magana da fatauci, Naftun mulkin teku. Da haka sunayen suka zama wani zaurance na manya, wanda duk mai karatu ya san inda ya dosa.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne waƙoƙin jahiliyya da malamanmu ke karantarwa a zaure don lugga da balaga. Cikinsu akwai giya, akwai alfahari da ramuwar gayya, amma ba wanda ya ce malamin ya koma jahiliyya. Sai dai misalin yana da inda ya tsaya, domin waƙa daban, siffa mai jiki daban. Su 'yan Katolika dama majami'unsu cike suke da siffofin waliyyai, ido da hannu sun saba, abin da ya sauya kawai shi ne wa ake siffantawa. Hukuncin yin siffar mai rai a Musulunci kuwa ba fagena ba ne, ka kai shi wurin malaman fiƙihu. Ni tarihin abin nake ba ka.

Don ka ga yadda abin ya shiga jiki, ƙofar tagulla ta tsakiya a majami'ar San Pietro ta Batikan, wadda Filarete ya gama a 1445, a gefe-gefenta an zuba ƙananan hotuna daga tatsuniyoyin nan. A Bolonya kuwa, birnin da ke ƙarƙashin Fafaroma, wakilansa ne da kansu suka sa Giambologna ya zuba musu ƙaton Naftun a tsakiyar gari a shekarun 1560, ya miƙa hannu kamar mai lallashin igiyar ruwa, wato ga mai mulki ya kwantar da tarzoma. Mashi mai baki uku da ke hannunsa shi ne kamfanin motar Maserati ya ɗauka ya yi tambari da shi.

Ba kowa ne ya yarda ba. A 1497 mabiyan wani mai wa'azi, Savonarola, sun tara hotuna da littattafai da kayan ƙawa sun cinna musu wuta a wannan dandali da Fersiyus yake tsaye yanzu. Shekara ta zagayo aka rataye Savonarola aka ƙone a nan ɗin. Bartolomeo Ammannati, wanda ya yi wa dandalin maɓuɓɓugar Naftun da tsiraran siffofinta na tagulla, da tsufa ya zo masa ya rubuta wa 'yan'uwansa masu sana'a wasiƙa a 1582 yana nadamar tsiraicin da ya cika gari da shi. Kai da ka ga hoton ka ji wani iri, akwai 'yan garin da suka riga ka ji.

Hannunka mai sanda

Wanda ya sa a yi aikin a 1545 shi ne Cosimo na gidan Medici. Gidan nan 'yan banki ne da suka mamaye siyasar Fulorans. An kore su a 1494, an sake korarsu a 1527, suka dawo da ƙarfin sojan waje a 1530, jamhuriya ta faɗi. Cosimo ya hau mulki a 1537 yana ɗan shekara 17, bayan an yi wa wanda ya gada kisan gilla. A shekarar ce 'yan gudun hijira masu son dawo da jamhuriya suka yunƙuro, aka murƙushe su a Montemurlo, aka fille wa wasu shugabanninsu kai a cikin gari.

To dubi dandalin da idon ɗan garin na lokacin. Ga Dauda na Michelangelo, na farin dutse, da aka kafa a ƙofar fada a 1504, alamar ƙaramar jamhuriya da ke kayar da ƙattai. Ga Judit ta Donatello, ta tagulla, mace ta ɗaga takobi a kan wani azzalumin sarkin yaƙi. Ita wannan daga gidan Medici aka ƙwato ta a 1495 aka kafa a bainar jama'a, don a ce ga makomar mai danniya. Sai Cosimo ya kawo nasa: namiji, ɗan sarauta, wanda sama ta ɗaure wa gindi, ya riga ya gama sara, ya ɗaga kai yana nuna wa taro. Babu ɗan Fulorans da ke bukatar tafinta. Shi ya sa na ce ka riƙe zancen mai kashe dodo.

Akwai kuma wata tsokana ta masu sana'a da nake so ƙwarai. Kan Medusa dutse yake mai da mai kallonsa. Su wa ke tsaye a dandalin a lokacin suna fuskantar wajen? Dauda na Michelangelo da Harkulis na Bandinelli, abokin gabar Cellini, dukansu na dutse.

Me ya sa sai tagulla

Tagulla jan ƙarfe ne da aka haɗa da kuza, kusan kashi tara na wancan, kashi ɗaya na wannan, wani lokaci da ɗan darma. In tutiya aka sa maimakon kuza, launin ya fi yin rawaya, kuma da yawa daga cikin kayan Binin irin wannan ne. Tsada gare ta, kuma a zamanin ita ce dai ake zuba igwa da ƙararrawa da ita. Wannan ne ya sa mutum-mutumin tagulla kullum ransa na hannun yaƙi. Leonardo da Vinci ya yi shekaru yana shirin zuba wani ƙaton doki a Milan, a 1494 aka kwashe tagullar da aka tara masa aka kai ta zubin igwa, dokin bai taɓa fitowa ba. Michelangelo ya zuba siffar Fafaroma Juliyus na Biyu a Bolonya, aka kafa a 1508, bayan shekara uku 'yan gari suka tumɓuke ta, aka narkar aka yi igwa, aka kuma raɗa wa igwar suna Giulia don a ƙara masa haushi. Mai mulkin da ya kafa tagulla mai yawa haka a titi, cewa yake yi ina da ta igwa, ga rara.

Haka ta faru da na mutanen da. Marubutan Rum sun ba da labarin dubban siffofin tagulla a biranen Girka, kusan duka an narkar da su. Na sarki Markus Aureliyus a kan doki ya tsira ne don an ɗauka Kustantin ne, sarkin Rum na farko da ya karɓi Kiristanci. Saboda haka mai zuba ƙaton allan Girka da tagulla a ƙarni na 16 yana cewa ne abin da ya ɓace shekara dubu, ga shi na dawo da shi.

Sai dalili na hannu. Dutse yana ɗaukar nauyi in an danne shi, amma ba ya son a miƙa shi, karyewa yake yi. Dubi bayan ƙafar Dauda ta dama, za ka ga kututturen itace da aka bari don tokara. Tagulla ba ruwanta da wannan. Fersiyus ya miƙa hannu da kai a ciki ba tokari. Giambologna ya kai abin maƙura da Markurinsa na 1580, wanda ke tsaye a kan yatsun ƙafa ɗaya, bisa iskar da ke fitowa daga bakin wani ɗan kai.

Yadda ake zubin

Ku kuna danna samfuri a cikin yashi, ku buɗe akwati biyu, ku zare samfurin, ku rufe, ku zuba. Wannan yana yi wa tukunya, domin ba ta da lungun da zai riƙe yashi. Gashin macizai da yatsu da fukafukai ba sa zaruwa. Sai aka nemi samfurin da ba sai an zare shi ba, wanda zai narke ya fita da kansa, wato kakin zuma.

Cellini ya fara da ƙashi na sandunan ƙarfe, ya gina jikin da yumɓu a kai, ɗan ƙasa da girman da yake so, ya gasa. Ya shafe shi da kaki, kaurin da yake son tagullar ta yi, kuma a jikin kakin ne ya yi ainihin aikin, jijiya da tsoka da gashi. Ya liƙa sandunan kaki da za su zama magudanan ƙarfe da mafitar iska. Ya lulluɓe duka da rigar yumɓu, shafi bayan shafi, yumɓun da ya cuɗa da dagwalon ulu ya bar shi watanni ya ruɓa ya yi laushi. Ƙusoshi suna ratsawa daga rigar waje zuwa jikin ciki, don in kaki ya fita kada na ciki ya motsa. Ya ɗaure da ƙarfe, ya kewaye da bulo, ya sa wuta a hankali kwana biyu, kaki ya tsiyaye, yumɓu ya gasu. Abin da ya rage shi ne siririn fili tsakanin yumɓu biyu, mai siffar Fersiyus daidai. Nan tagulla za ta shiga, shi ya sa cikinsa fanko ne. Sai aka sauke mazubin da igiyoyi cikin rami a gaban tanderu, aka cike da ƙasa ana dannawa, ana jera bututun ƙasa don iska ta samu hanya.

Ka lura, a wannan hanya samfurin ya tafi ke nan. In zubi ya ɓaci, aikin shekaru ya bi ruwa.

Alminiyum ɗinku yana narkewa a digiri 660. Jan ƙarfe zalla sai 1,085, kuza kuwa 232 kacal, kuma haɗa su yana sauko da narkewar tagulla zuwa wajen 1,000 ko ƙasa kaɗan. Tanderun nasu irin na masu zubin igwa ne: wuta a ɗaki guda, harshenta yana bi ta ƙarƙashin rufin bulo yana lasar ƙarfen da ke kwance a ɗaya ɗakin. In ya narke a doke toshiya da sandar ƙarfe, ya gangara ta kwata zuwa rami. Itace ne kawai da jan iska.

Kada ka ɗauka wannan hikimar Turawa ce su kaɗai. An yi zubin kaki a Igbo-Ukwu tun wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, an yi a Ife, kuma lokacin da Cellini ke fama da tanderunsa maƙeran fadar Binin suna zuba nasu. Na zauna a layin Igun a Binin na kalli masu gadon sana'ar suna shafa jar ƙasa a kan kaki, matakan su ne dai waɗannan. Ni kaina abin da na taɓa zubawa mafi girma bai kai kilo uku ba, don haka aikin rami da tanderu a karatu na san shi da kallo. Amma ƙaramin ma ya koya mini hankali. Na taɓa yin ɗan doki da ɗalibai, muka fasa yumɓu muka tarar ƙafafun baya sun tsaya a gwiwa. Ban sa mafitar iska a kofato ba, iska ta taru a lungu ta hana ƙarfe shiga. Wani karon da damina muka yi gaggawa, mazubi bai gama bushewa ba, ƙarfe ya taɓa laima ya yi tsartuwa, Allah ya kiyaye idon wani yaro. Kai ka san wannan tsartuwar, ba sai na faɗa maka ba.

Daren zubi

Gangar jikin Medusa daban aka zuba ta tun 1548, ta fito lafiya. Fersiyus da kan da ke hannunsa kuwa zubi ɗaya aka yi musu a Disambar 1549. Tun kafin ranar Cosimo ya nuna shakka, yana ganin ƙarfe ba zai cika kan da ke can sama ba. Cellini ya nuna masa ba nan gizo ke saƙa ba. Zafi sama yake yi, kai zai fito, ƙafar da ke can ƙasan rami ce abin tsoro.

Ga yadda shi ya ba da labarin daren. Ya hura tanderu da itace mai ƙaro, wuta ta yi ƙarfi har ta kama rufin shago, ta ɓangaren lambu kuma iska da ruwan sama suna ta sanyaya tanderun. Zazzaɓi ya rufe shi, ya bar wa yaransa aiki ya je ya kwanta yana cewa ba zai ga safiya ba. Yana kwance sai ga wani mutum tanƙwararre kamar harafin S, ya ce masa aiki ya lalace, ba gyara. Ya zabura, duk wanda ya matso ya sha shuri, ya leƙa tanderu ya ga ƙarfe ya cure, ya yi abin da masu zubin can ke kira da sunan wata wainarsu. Ya aika gidan maƙwabcinsa mahauci aka kwaso wani itace mai tauri da ya shekara yana bushewa, irin wanda wutarsa ke ci kamar ta ƙirya. Ya tura wasu kan rufi kashe gobara, ya sa aka tare ruwan sama da alluna da darduma. Ya jefa curin kuza a ciki, aka yi ta motsawa da sandunan ƙarfe har ya fara saki. Sai ƙara kamar aradu da walƙiya, murfin tanderu ya tsage, tagulla ta fara malala. Ya sa aka buɗe bakin mazubi, aka doke toshiya. Ya ga ƙarfen yana tafiya da nauyi, sai ya ce a kwaso masa duk farantai da kwanukan kuza na gidansa, kusan ɗari biyu, ya yi ta jefawa, wasu a kwata wasu a tanderu. Ƙarfe ya tsinke, mazubi ya cika. Ya durƙusa ya gode wa Allah, ya ci abinci da yaransa, ya kwanta saura sa'a biyu gari ya waye, zazzaɓi ya tafi. Washegari sai da aka sayo kwanukan ƙasa kafin a ci abinci a gidan.

Ta fuskar sana'a maganar ta zauna. Ƙarfe in ya daɗe a wuta kuzar cikinsa tana ƙonewa, abin da ya rage ya ƙara kauri ya kuma nemi zafi fiye da na da. Ka mayar masa da kuza, ya sake gudu. Amma ka ci labarin da lura, domin daga bakinsa ya fito, a tarihin rayuwarsa da ya fara a 1558, yana aiki yana yi wa wani yaro shifta, ba a kuma buga shi ba sai 1728. Mutumin da ya ce harsashinsa ne ya kashe jagoran rundunar da ta afka wa Rum a 1527, ya kuma ce tun da ya fito daga kurkuku wani haske ke kewaye inuwar kansa, ba ya rage wa kansa gishiri. Ni na yarda da gobarar da farantan. Mai siffar S ɗin ne na bar masa.

Bayan kwana biyu ya fara fasa yumɓu daga sama. Kan Medusa ya fito, kan Fersiyus ya fito, aka yi ta gangarawa har ƙafar dama. Diddige ya cika, yatsu babu. Ya ce har daɗi ya ji, don ya nuna wa Cosimo ya san abin da yake faɗa.

Abin da ya biyo baya

Daga zubi zuwa buɗewa an ƙara fiye da shekara huɗu. Abin da ke fitowa daga yumɓu baƙi ne mai kaushi, ga magudanai a jiki kamar saiwoyi. Sai an yanke su, an toshe ramukan ƙusa, an yi ƙari inda bai cika ba, an bi ko'ina da magagari da ƙananan kurfi. A nan asalin sana'ar Cellini ta fito, domin maƙerin zinariya ne kafin komai, shi ya yi wa sarkin Faransa mazubin gishirin zinariya da ke Biyana yanzu. Dubi jinin da ke zuba daga wuyan Medusa, ya murɗe shi kamar reshen murjani, kuma a waƙar Ovid daga kan Medusa murjani ya samo asali, da aka ajiye shi a kan ciyawar teku ta sandare. A ra'ayina wannan hannun na maƙerin fari shi ne ƙarfin aikin, shi ne kuma rauninsa: dakalin ya cika ado har yana jan ido daga abin da ke kansa.

A jikin dakalin akwai ƙananan tagulla huɗu, Jufita, Markuri, Minerba, da Danaye da ɗanta. Matar Cosimo, Eleonora, ta gan su ta ce sun fi ƙarfin titi, a bar mata su a ɗaki. Cellini ya faki idonta ya je ya liƙe su a gurabensu, ta kuwa riƙe shi a zuci. Daga baya abin da ta faɗa aka yi, na ainihin suna gidan tarihi na Bargello, na wajen kwafi ne. Irin waɗannan ƙananan su ne ma suka fi yawa a zamanin. Antico a Mantuwa ya riƙa yi wa gidan Gonzaga ƙananan Afolo da Harkulis na ɗorawa a tebur, ta hanyar ɗaukar mazubin farar ƙasa daga samfuri, ya fitar da kaki ko sau nawa yake so. Wannan ta fi kusa da taku, tunda samfuri yana nan.

Ranar buɗewa Cosimo ya laɓe a wata taga ta fada yana sauraron abin da mutane ke cewa, aka yi ta liƙa waƙoƙin yabo. Da aka zo kuɗi Cellini ya nemi zinariya 10,000, Cosimo ya fusata ya ce da irin wannan kuɗi ake gina birane da fadoji. Aka tsayar masa 3,500, su ma a gutsure, yana bi yana ƙorafi shekara da shekaru.

In abokinka zai koma, ka roƙe shi hoto uku. Ɗaya na maɗaurin da ya ratsa ƙirjin Fersiyus, a nan Cellini ya rubuta sunansa. Ɗaya ta baya, a ƙeyar hular, inda gashi da hula suka haɗu suka ba da fuskar wani mai gemu, wadda ake cewa tasa ce. Na ukun kuwa ya matsa kusa iyakar yadda aka bari, ya ɗauko maka yatsun ƙafar dama, ka duba da idon mai zubi ko za ka gane inda aka yi ƙarin.